Daga Akwatin Mai Hoto Zuwa ISO 50: Tarihin Haske da Hoto a Karkarar Kano

Duk wanda ya taɓa riƙa kyamarar dijital, ko ya leƙa cikin saitin kyamarar wayarsa, zai ga wasu haruffa guda uku, wato ISO, da lambobi a gabansu: 50, 100, 400, 1600, har abin da ya yi sama. Masu sayar da kaya sun fi son su yi maka tallar babbar lambar, su ce wannan kyamara ko a duhun dare tana gani. Da wuya ka ji wanda ya yi zancen ƙaramar lambar da ke can ƙasa. To amma ga mutumin ƙasar Kano, inda rana ke dukan gona wata bakwai ko takwas babu hadari, ƙaramar lambar nan ita ta fi shafarsa. Tana kuma da dogon tarihi, wanda yake da hannu a cikin abin da muka gada na hotunan kakanninmu da kuma abin da muka rasa.

Yankin da za mu duba shi ne karkarar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa: Ungogo, Minjibir, Gezawa, Dawakin Tofa, Bichi, har zuwa Ɗambatta da Makoɗa. Ƙasa ce ta jigawa wadda gona ke jingine da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an nome ta, ana ciyar da ita da takin dabbobi da toka da sharar birni wadda jakuna suka daɗe suna ɗaukowa. A tsakanin gero da dawa da wake da gyaɗa ga gawo, ga ɗorawa, ga kuka da tsamiya da kanya, kowace bishiya da mai ita. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan noma, amma hoton da ya nuna su suna yin sa bai taka kara ya karya ba.

MECE CE LAMBAR ISO?

Hoto ba komai ba ne illa haske da aka kama aka adana. Abubuwa uku ne ke ƙayyade yawan hasken da ake bukata da wanda ake samu. Na farko faɗin tagar da haske ke bi ta cikin gilashin kyamara, na biyu tsawon lokacin da ƙyauren kyamara ke zama a buɗe, na uku kuwa saurin jin haske na abin da ke ciki, ko farantin gilashi ne, ko fim, ko sansa ta dijital. Wannan na ukun shi ake aunawa da ISO. Duk lokacin da lambar ta ninka, hasken da ake bukata ya ragu da rabi. ISO 200 na bukatar rabin hasken da ISO 100 ke bukata, ISO 50 kuwa na bukatar ninki biyu.

Auna wannan sauri bisa ilimi ya samo asali ne daga aikin Ferdinand Hurter da Vero Driffield a Ingila a 1890. Jamusawa suka fito da ma'auninsu na DIN a 1934, Amurkawa suka fito da ASA a 1943, sannan a 1974 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta haɗe su a ƙarƙashin sunanta, ISO. Shi ya sa tsofaffin masu hoto har yanzu ASA ne a bakinsu.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu hoto suka haddace. In rana ta fito tarwai, ka sa taga a lamba 16, to lokacin buɗe ƙyaure shi ne ɗaya bisa lambar ISO. Alal misali, da ISO 100 kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ya isa. Da ISO 3 kuwa sai an ba shi sulusin daƙiƙa a tsakiyar rana, in a inuwa ne sai daƙiƙa uku zuwa biyar. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za mu dawo gare shi.

ZAMANIN DA BABU ZAƁI

Lokacin da Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, babu hoto a duniya baki ɗaya. Sai a wajen 1826 ko 1827 wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya samu ya kama surar rufin gidaje daga tagar ɗakinsa, bayan farantin ya sha rana na aƙalla awa takwas. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre, wadda ta rage jiran zuwa mintoci. Akwai wani shahararren hoto da Daguerre ya ɗauka na wani babban titi a birnin Paris a 1838. Titi ne mai cunkoson mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito fayau kamar an yi shara. Duk abin da ke motsi ya wuce bai bar alama ba, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, shi da mai gogewar. Wannan ita ce ɗabi'ar abin da ba ya saurin jin haske: yana riƙe wanda ya tsaya, ya saki wanda ke tafiya.

A watan Fabrairun 1851 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano daga Katsina ta hanyar Kusada da Bichi, wato ya ratsa tsakiyar yankin da muke magana. Ya yaba ƙwarai da yadda aka gyara gonaki da yawan ƙauyuka da bishiyoyi. Amma alƙalami da fensir kawai gare shi. Abin da ya bar mana shi ne rubutu da zane, irin zanen birnin da ya yi daga kan Dutsen Dala. A cikin wannan shekarar ce, 1851, wani Baturen Ingila mai suna Frederick Scott Archer ya bayyana dabarar jiƙaƙƙen faranti, wadda ta rage jira zuwa 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai tana da sharaɗi mai wuya: a shafa sinadari a gilashi, a ɗauki hoton, a wanke shi, duka kafin ya bushe, cikin minti goma zuwa sha biyar. Mai karatu ya auna yadda wannan zai yiwu a bazarar Kano ko a cikin busasshiyar iskar hunturu, ga gilasai da kwalabe a bayan raƙumi.

Busasshen faranti ya zo ne bayan aikin Richard Maddox na 1871, sannan George Eastman ya fito da kyamarar Kodak mai naɗaɗɗen fim a 1888. Saboda haka lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, kyamara ta riga ta zama abin da hafsa zai iya sawa a cikin kayansa. Daga nan ne hotunan Kano suka fara yawa, kuma wanda ya je Gidan Makama zai ga irinsu a jikin bango: ganuwa, ƙofofi, gidan sarki, sarki a zaune da fadawa a kewaye, 'yan kasuwa an jera su sun zuba wa kyamara ido.

Dalili biyu ne suka sa hotunan suka zama haka. Na farko, kayan aikin har yanzu sun fi son abin da ya tsaya cik. Na biyu, wanda ke riƙe da kyamarar baƙo ne, abin da ya dame shi shi ne mulki da gini da kasuwanci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya dalar gyaɗa ta zama abin da kowane mai kyamara ke ɗauka. Dala kuwa ba ta motsi, tana kusa da tasha, tana da ban sha'awa. Amma manomin Gezawa ko na Bichi da ya shuka gyaɗar, da matan da suka ɓare ta a cikin gida, da jakin da ya kawo ta, ba kasafai ake ganinsu ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai kallon tsofaffin hotuna ya sani. Farantan farko shuɗin haske kawai suke ji sosai, daga baya aka samu masu jin kore, amma ja kam ba sa ganinsa. Farantin da ke jin dukkan launuka bai shiga kasuwa ba sai wajen 1906, kuma ya daɗe bai zama ruwan dare ba. Sakamakon haka jar dara takan fito baƙa, jar rigar dogari ta fito baƙa, jar ƙasa ta yi duhu, sama ta fito fari fat babu gajimare. Fatar mutum baƙi ko wankan tarwaɗa, wadda hasken da take mayarwa ya fi karkata ga ja, sai ta fito da duhu fiye da yadda take. Ba haka fuskokin kakanninmu suke ba, haka dai farantin ya iya gani.

MAI HOTO DA AKWATINSA

Talakan karkara ya haɗu da kyamara ne ta hanyar takarda: fasfo na aikin Hajji, fom na makaranta, katin aiki, lasin. Masu ɗakin hoto na farko a Kano yawancinsu 'yan Kudu ne mazauna Sabon Gari, kafin 'yan ƙasa su koyi sana'ar. Amma wanda ya fi kusa da talaka shi ne mai akwati, wanda ke kafa kayansa a gindin bishiya a bakin ofis ko kotu ko tasha. A Kudu suna kiran irin wannan hoto da sunan da ke nufin "jira ka karɓa".

Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da gilashi a gaba, da hannun riga na baƙin ƙyalle a gefe ko a baya. A cikinsa akwai ƙananan tasoshi biyu na ruwan wanki. Babu fim a ciki, takardar buga hoto ce ake sawa a madadinsa, saboda ta fi araha kuma ana iya wanke ta nan take. Saurin wannan takarda bai wuce ISO 3 zuwa 6 ba. To ga inda lissafinmu na ɗazu ya dawo: a inuwa, da ISO 3, sai an yi daƙiƙoƙi. Shi ya sa akwatin bai ma bukatar ƙyaure. Mai hoto zai zaunar da kai a gaban baƙin zane, ya ce kada ka motsa, kada ka ƙifta, ya cire murfin gilashi da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Daga nan ya zura hannu cikin akwati ya wanke, ya fito da dodon hoto, fuska fara riga baƙa. Sai ya manna dodon a wani ɗan allo a gaban gilashin, ya sake ɗaukarsa, a nan ne hoto na gaskiya zai fito, a miƙa maka shi da ɗanyen ruwa a jiki.

Mutane kan tambaya me ya sa mutanen da ba sa murmushi a hoto. Akwai kamun kai, domin dattijo ba ya washe baki a gaban jama'a, kuma hoton hukuma ba wurin wasa ba ne. Amma akwai kuma takarda. Riƙe murmushi daƙiƙa huɗu ba tare da leɓe ya motsa ba abu ne mai wuya, ɗaure fuska ya fi sauƙi. A gidaje da yawa na karkara, wannan ɗan ƙaramin hoto mai ɗaurarriyar fuska shi kaɗai ne shaidar kamannin kaka. Hoton kakar mace kuwa sau da yawa babu shi sam, domin kulle da rashin dalilin zuwa ofis sun sa ba ta taɓa zama a gaban akwatin ba.

FIM MAI LAUNI

Kamfanin Kodak ya fito da Kodachrome a 1935, saurinsa ASA 10 kacal. A 1961 aka inganta shi zuwa 25, a 1974 aka fito da Kodachrome 25 da 64. Duk da samuwar fim mai sauri, ƙwararru sun riƙe marar saurin nan, don ƙwayoyin sinadarinsa ƙanana ne ƙwarai. Babbar ƙwaya takan kama haske da wuri amma hoton ya fito da yashi-yashi, ƙaramar ƙwaya na bukatar haske mai yawa amma ta ba da hoto sumul. Ƙasa mai rana irin tamu ta dace da shi matuƙa, kuma launinsa ba ya saurin kodewa in an adana shi a duhu.

Matsalar ita ce ba a wanke shi a ko'ina, sai an aika Turai ko Amurka. Saboda haka ya zama fim ɗin jami'an mulki da malaman jami'a da 'yan mishan da masu yawon buɗe ido, kuma da suka tashi komawa gida suka tafi da abinsu. An daina yin Kodachrome 25 a 2002, na 64 a 2009, kuma ɗakin wanki na ƙarshe a jihar Kansas ta Amurka ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010.

HOTON DA AKA ƊAUKA DAGA SAMA

Abin mamaki, hoton da ya fi yi wa manomin Kano adalci ba a ƙasa aka ɗauke shi ba. A 1946 Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, jiragen sojan samanta suka riƙa shawagi a Afirka ta Yamma suna ɗaukar ƙasa hoto don zana taswira. Daga wajen 1950 aka samu irin waɗannan hotuna na ƙasar Kano, aka kuma sake ɗauka a shekarun 1970 da 1980. Jirgi na gudu, saboda haka ba zai yiwu a yi amfani da fim mai jinkiri sosai ba. Abin da aka yi shi ne amfani da ƙaton fim mai faɗin inci 9 kowane gefe, a ɗauka da rani lokacin da babu gajimare, a sa tacin gilashi rawaya don rage hazo. Manufar dai ɗaya ce da ta ƙaramar ISO, wato a tara haske mai yawa domin ƙananan abubuwa su fito. Kowane hoto na hawa kan na kusa da shi da kamar kashi 60 cikin 100, ta yadda in an duba biyu tare da tabarau na musamman sai bishiya ta miƙe tsaye. Ana iya ganin iyakar gona ta gamba ko aguwa, da burtali, da gidaje, a ƙirga bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi kowa amfani da su shi ne Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, sannan a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya rasu a 2017. Shi ne ya yaɗa sunan da masana ke kiran wannan yanki da shi, wato yankin Kano mai cunkoson zama, tun a rahoton da suka fitar shi da J. Wilson a 1965. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, magana ta yi ƙarfi a duniya cewa yawan jama'a da saran itace ne ke jawo hamada, kuma birni kamar Kano zai cinye duk bishiyoyin da ke kewaye da shi. Mortimore da abokan aikinsa suka ɗauko hotunan sama na shekaru daban-daban suka gwada, suka kuma shiga gonaki suka ƙirga. A littafinsu na 1990 kan itacen girki a Kano sun nuna cewa bishiyoyin gonakin da ke kusa da birni ba su ƙare ba, manoma na tattalinsu, suna sassabe reshe su bar uwa, suna renon sababbi. Binciken da aka ci gaba da yi a ƙauyen Tumbau a shekarun 1990 ya ƙara nuna yadda taki da harawa da dabbobin gida ke riƙe ƙarfin ƙasa.

A nan darajar hoto mai tsabta ta bayyana. Tauraron Landsat na farko da aka harba a 1972, kowane ɗigo na hotonsa ya kai faɗin mita 80 a ƙasa, don haka gawo ɗaya ba ya fitowa a ciki. Da ba don fim ɗin da ya iya rarrabe bishiya da bishiya ba, da zargin da aka yi wa manomi ya zauna daram. Haka Mortimore da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka yi a Machakos ta ƙasar Kenya a littafinsu na 1994, inda suka jera hotunan 1937 na tsaunukan da zaizaya ta cinye kusa da na 1991 na wuraren nan dai, sun koma gonaki masu matakala da bishiyoyi. Gani ya kori ji.

DA DIJITAL TA ZO

A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro sansar CCD a Amurka, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai ɗigo 10,000 kacal, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Nikon D1 ta 1999 ta shigar da ƙwararru harkar gadan-gadan. A Nijeriya wayar salula ta GSM ta zo a 2001, bayan 'yan shekaru kyamara ta shiga cikinta, mai akwati ya naɗe zanensa. Shi kansa Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Janairun 2012.

A sansa, kowane ɗigo kamar 'yar ƙwarya ce da aka ajiye a tsakar gida don tarar ruwan sama. Ƙwayoyin haske ba sa sauka daidai wa daida, wata ƙwarya ta samu kaɗan fiye da maƙwabciyarta. In kowace ta tari ƙwaya 100, bambancin da ke tsakaninsu kan kai kashi 10 cikin 100, shi ne yashi-yashin da ake gani a hoton dare. In kuwa kowace ta tari 10,000, bambancin ya sauka zuwa kashi 1 cikin 100, hoto ya fito sumul. Ɗaga ISO ba ya ƙara ruwan da ya sauka. Kamar ƙara murya ne a rediyo lokacin da tasha ke nesa: magana ta ƙaru, shuu ɗin ma ya ƙaru. Mafi ƙanƙantar ISO ta asali ita ce wadda ke barin ƙwarya ta cika, a nan ne launi ya fi kyau, kuma a nan ne kyamara ta fi iya haɗa farar riga da inuwar gindin tsamiya a hoto ɗaya.

A yawancin manyan kyamarori wannan lamba ta asali 100 ce, a wasu 160 ko 200. Nikon D810 ta 2014 da D850 ta 2017 sun sauko da ita zuwa 64. Tun a 2004 ma Kodak ta yi wata kyamara, DCS Pro SLR/n, mai wani tsari na musamman da ke sauka har ISO 6, wato daidai da takardar mai akwati. Abin da a da tilas ne, yanzu ya zama abin da ake biyan kuɗi a samu.

TA GASKE DA TA ARO

Sai dai a yi hattara, ba kowace ƙaramar lamba ce ta gaske ba. Kyamarori da yawa suna da ISO 50 da aka rubuta wa "L" a Canon, ko "Lo 1" a Nikon. Abin da kyamara ke yi a nan shi ne ta bar haske ninki biyu ya shiga a kan ISO ɗinta na asali, sannan ta rage hasken hoton da lissafi. Inuwa takan ƙara tsabta, amma ƙwaryar da ke wuri mai haske ta riga ta cika ta tumbatsa, abin da ya zube kuwa ba ya dawowa. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin farar shadda da rawani da farin yashi da hasken sama su ne rabin hotonmu. Aikin allura da ke wuyan farar babbar riga shi ne farkon abin da zai ɓace. In rana ta take, gara a tsaya a lambar asali. Da hunturu kuwa, lokacin da hazo ya tausasa haske ya rage tazarar fari da baƙi, ta aron ba ta cika yin ɓarna ba.

Me zai sa mutum ya nemi ƙasa da 100 tun farko? Lissafin nan ne dai. A tsakar rana da ISO 100, in ka buɗe taga zuwa 2.8 don fuska ta fito bayanta ya dushe, kana bukatar kashi ɗaya cikin 3,200 na daƙiƙa. In ka buɗe zuwa 1.4 sai kusan ɗaya cikin 12,800, alhali ƙyauren yawancin kyamarori a 4,000 ko 8,000 ya tsaya. Masu shirya finafinan Hausa sun fi kowa sanin wannan, domin bidiyo na son ƙyaure a wajen ɗaya cikin 50, wanda a ranar Kano haske ne da ya wuce kima. Maganin da ya fi inganci shi ne baƙin tacin gilashi da ake ɗaurawa a gaba, wanda ke rage haske ba tare da ya taɓa launi ba. Da shi ne kuma ake ɗaukar ruwan da ke malala daga madatsa irin ta Watari ya fito kamar auduga. Ita kuwa waya, yawanci tagarta a buɗe take ba ta rufuwa, shi ya sa da rana take sauka ISO 50 ko kusa da haka da kanta.

KAMMALAWA

Karkarar da Barth ya yaba, wadda Mortimore ya ƙirga bishiyoyinta, tana canzawa a gaban idonmu. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma birni ya ci gaba da tafiya arewa. Gonakin Ungogo da na hanyar Dawanau da yawa an yanka su fuloti, bulo ya maye gurbin gamba, babur mai ƙafa uku ya karɓi aikin jaki. Nan da shekara hamsin wani zai so ya san yadda gona take a Minjibir, gawo nawa ne a cikinta, yaya rumbu yake, yaya masaƙi ke zama a bakin aikinsa. Amsar da zai samu ta dogara ga abin da aka ɗauka yau da yadda aka adana shi.

Uzurin da kayan aiki suka ba mutanen da ya ƙare. Da ISO 100 da taga 5.6, ranar Kano na ba da kashi ɗaya cikin 800 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da hauya a sama, ya kama ƙaiƙayi yana tashi daga faifai. Kyamarar kuma yanzu tana hannun ɗan gida, wanda ya san sunan gonar da mai ita, wanda zai iya neman izinin gwaggonsa ya ɗauke ta tana sussuka. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya tsaya a ƙaramar ISO ta asali, ya kula kada fari ya ƙone, ya ajiye ainihin hoton ba wanda WhatsApp ya matse ba, ya rubuta rana da wuri da sunan wanda ke ciki in ya yarda, ya wanke wasu a kati. Hotunan 1950 sun yi amfani ne saboda suna da tsabta kuma an san ranar da aka ɗauke su da wurin da suka nuna. Namu ma da wannan ma'aunin za a auna su.